Buri da ranar da muka yanka masa

Idan watannin Hajji suka kama mukan ga mutum biyu a sahu guda: wanda tafiyarsa ta tabbata, da wanda aka ce wa sai baɗi. Da na biyun muke magana.

A shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi (S.A.W.) ya yi mafarkin shiga Masallaci Mai Alfarma. Ya fita da sahabbai kimanin 1400, sun ɗaura harami, suna kore da dabbobin hadaya. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya, aka ƙulla sulhun shekara 10 bisa sharaɗin su koma Madina ba tare da ɗawafi ba. Abin ya yi wa Sayyidina Umar zafi, har ya je yana tuna wa Annabi busharar da ya yi musu. Annabi ya tambaye shi ko ya ce masa bana ne. Umar ya amsa da a'a.

To, a nan ciwon yake. Bushara ba ta tashi ba, ranar da zuciya ta yanka mata da kanta ce ta tashi. Sun yi umrarsu a shekara ta 7, a ta 8 kuma suka shiga Makka su 10,000.

Sai dai kada mu mai da wannan ƙissa takardar lamuni. A 2020 annobar korona ta sa Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan waje. A 2021 mazauna ƙasar kaɗai, kimanin 60,000, suka yi Hajji. Da aka buɗe a 2022 sai aka hana wanda ya haura shekara 65. Akwai dattawan da jiran nan ya cinye musu dama, wasu ma ƙasa ta rufe idonsu. Ba su da laifi wurin Allah, domin Hajji sai da iko yake wajaba, kuma niyyarsu tana rubuce.

Abin da muke tsoro shi ne ɗabi'ar nan tamu ta gaggawa: ana kiran mutum Alhaji tun bai ga filin jirgin Yamai ba, ya saida gonar da iyali ke ci, ya zagaya dangi sallama. Ranar da tafiya ta fasa, kunyar mutane ta fi rashin Arfa yi masa ciwo, har ya daina zuwa jam'i.