Amanar Mai Duba Haƙori

Manomin da ya baro gonarsa ta auduga a karkarar Funtuwa ko Malumfashi da kumburarren kumatu, ya buɗe baki gaban yaro sa'an ɗansa, ba shi da hanyar sanin ko an dafa ƙarafan da za a sa masa, ko kuwa yanzu aka fid da su daga bakin wani. Ta ƙarfe marar tsabta ciwon hanta kan tsallaka daga wannan zuwa wancan, ba ya kuwa bayyana sai an daɗe. To, me zai hana ma'aikaci ha'inci inda ba mai ganinsa? Ana kuma iya koyar da wannan a makaranta?

Gwamnati ta yi nata, domin a 1993 ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan jiyyar haƙori rajista. Amma takarda ba ta tsare mutum ranar da majiyyata suka yi yawa, wuta ta ɗauke, gajiya ta kama shi. A nan sai tsoron Allah.

Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, har ya jawo ɓarna, to, lamuni yana wuyansa. Watau sanin iyakar ilminka ma amana ne. Ga misalin cutar zaizayar baki, wadda kan fara da kumburin dasashi ga ƙananan yara masu ƙarancin abinci. A 1999 aka buɗe asibitinta a Sakkwato, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ma'aikacin da ya ga alamarta, girman kai ya hana shi tura yaron gaba, ya ci amanar fuskar yaron.

A ganina ana koyar da amana, amma da hannu ake koyar da ita. Ɗalibi ya fi lura da aikin malaminsa bisa ga karatunsa. In malami ya tsallake dafa ƙarfe sau ɗaya, ya rushe darasin shekara. In kuwa ya ce "ban sani ba" gaban ɗalibai, ya koya musu abin da jarrabawa ba ta aunawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.