Saura Rami Guda: Nasiha a kan Wasan Golf na Na'ura da Lokacin Magariba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya dare da rana suna bin juna, ya kuma yanka wa bayinsa lokutan ibada. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. 

Wani magidanci a nan Maraɗi ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a, ya ce: "Allah gafarta Malam, ƙanena da ke aiki a Faransa ya aiko wa ɗiyana wata na'urar wasa da ake jona wa talabijin. Na bincika abin da ke ciki, na fitar da wasannin harbi da na faɗa, na bar musu guda, wanda ake ce wa golf. Babu jini a cikinsa, babu tsiraici, ciyawa ce kore da ɗan ƙwallo fari. Yanzu har ni nakan taɓa. Halal ne ko haram?" Na ce masa: "Alhaji, malamanmu sun hana mu yanke hukunci a kan abin da ba mu san siffarsa ba. Zan zo in gani da idona." Sai muka yi alkawarin ranar Litinin bayan La'asar.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, asalinsa daga ƙasar Sikotlan yake, kuma wasu suna kiransa ƙwallon lambu. Masu zuwa Kano da Kaduna sun ga filinsa. Mutum yana bugun ƙaramin ƙwallo da sanda daga nesa, yana bin sa har ya jefa shi cikin rami mai faɗin santimita 10 da ɗan ɗoriya, wanda aka kafa wa tuta. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, adadin da aka tsayar a filin garin Sant Andurus a shekarar 1764, sauran duniya ta bi daga baya. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. A fili na gaske zagaye guda yakan ci kamar sa'a 4, mutum yana tafiya a ƙasa kilomita da yawa. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya sa wasan cikin na'urar gida a 1984, Sony ya fitar da nasa a 1997, a 2006 kuma na'urar Wii ta zo da wanda mutum ke tashi tsaye yana kaɗa hannu kamar mai riƙe da sanda.

Da na isa gidan Alhaji, ɗansa mai shekara 12 ya miƙo mini abin riƙon nan mai maɓallai da suke ce wa manet, ya ce: "Baba Malam, sau uku ake dannawa." Wani layi ne ke gudu a ƙasan allon. Dannawar farko ta tayar da shi, ta biyu ta tsayar da ƙarfin bugu, ta uku ta daidaita shi don kada ƙwallo ya karkace. Ana nuna maka ƙarfin iska da inda take kaɗawa, da tafki a hagu, da kwarin rairayi a dama. Bugun farko na jefa a ruwa, yara suka yi dariya. Na biyu ya faɗa cikin rairayi. A rami na huɗu na fara gane kan abin, a na shida ƙwallona ya tsaya ɗan taƙi kaɗan daga bakin rami, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Muna cikin na bakwai aka kira sallar Magariba. Ni da ke rubuta muku wannan, ni na buɗe baki na ce: "Bari mu ƙarasa wannan ramin." Muka ƙarasa. Kafin mu yi alwala mu isa masallacin unguwa, liman ya zauna tahiyar ƙarshe. Mutanen da nake karantar da su Risala da safe suna juyowa bayan sallama suka gan ni tsaye ina ramuwa. Astagfirullah. Amma a ranar na samu amsar tambayar Alhaji, wadda da na zauna a zaure ina duba littafi ba zan same ta haka ba.

Ya ku ƴan'uwa, Musulunci bai hana hutu da raha ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci. Sahabi Hanzala ya taɓa zargin kansa da munafunci saboda idan ya koma cikin iyalinsa zuciyarsa takan sauka daga halin da take ciki a majalisin Annabi, aka kwantar masa da hankali cewa kowanne yana da lokacinsa. Saboda haka wanda ya ce kowane wasa haram ne, ya ƙuntata abin da Allah ya yalwata.

Sai dai malamai sun rarraba wasanni. Wasan nardi, wanda ya dogara ga jefa ƴaƴan ƙuri'a, hani mai tsanani ya zo a kansa cikin Sahihu Muslim. Shaɗaranji kuwa, wanda ya dogara ga tunani da dabara, an yi saɓani a kansa. Imamu Malik ya ƙi shi, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya haɗa shi da nardi wajen hani a cikin Risala, ya kuma halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Malaman Shafi'iyya sun tsaya ga karhanci, da sharaɗin kada a sa kuɗi, kada ya jawo zagi, kada ya fitar da salla daga lokacinta. Golf na na'ura ya fi kusa da shaɗaranji, domin gwaninta ce ke aiki a cikinsa. Ba zan ɓoye muku cewa mazhabarmu ta tsananta a wannan babi ba. Amma idan muka duba dalilin da ake kawowa, za mu ga yana komawa ga shagaltarwa daga ambaton Allah da salla, wato abin da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta ambata a cikin illolin giya da caca. Abin da na rinjayar shi ne, wannan wasa a kan kansa halal ne, hukuncinsa kuma yana sauyawa da abin da ya ci daga mai yin sa. Kiɗan da ke ciki ana iya kashe shi, wannan ba ya buƙatar dogon magana.

A nan ne nake son mu daɗe kaɗan, domin tsabtar wasan ita ce ta yaudare ni. Da wasan harbi aka miƙo mini, da na ture shi tun daga nesa. Wannan kuwa shiru ne da kukan tsuntsaye, babu abin da zai sa zuciya ta yi shirin tsaro. Kuma an yanyanka shi ƙanana: rami guda minti biyu ne ko uku. Babu wanda ke cewa zai bar salla saboda wasan sa'a guda, amma kowa yana iya cewa minti biyu ba komai ba ne. Idan ka yi bugu mai kyau kana son ka maimaita, idan ka ɓata kana son ka gyara, ko ta wane gefe rami na gaba yana kiranka. A fili na gaske rana tana dukan mutum, ƙafa tana gajiya, duhu yana korarsa gida. Na'ura ta cire waɗannan duka. Rana ba ta faɗuwa a cikin allon, ko da ta waje ta daɗe da faɗuwa. Don haka kada mai yin sa ya ce yana motsa jiki ne, ya nemi ladan da aka faɗa game da harbi da sukuwa, alhali babban yatsa kaɗai ke aiki.

Kuma sallar da ta fi shiga haɗari ita ce Magariba, saboda dalili biyu. Na farko, bayan La'asar ne yara ke dawowa daga makaranta, manya ke dawowa daga kasuwa, zafi ya sauka, a zauna gaban talabijin. Na biyu, Magariba ita ce mafi ƙuncin lokaci. Abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne lokacinta na zaɓi bai wuce gwargwadon yin tsarki da suturta jiki da yin sallar ba, ko da yake akwai ƙaulin da ya ja shi zuwa ɓacewar jan shafaƙi. A ƙasarmu kuma duhu yana saurin rufewa. Raka'a uku ce, liman ba ya tsawaita karatu, rami biyu sun isa su raba mutum da jam'i. Ku tuna ƙarshen Suratul Jumu'a, inda aka yi wa mutane faɗa saboda sun watse zuwa ga fatauci da wasa sun bar Annabi tsaye yana huɗuba. Su ayarin abinci suka fita tara a lokacin da ake cikin buƙata. Mu kuwa, me muka tsaya jira? Ƙwallon da babu shi ya faɗa ramin da babu shi.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne, a kan manet ɗin akwai maɓallin dakatarwa. Idan aka danna shi, komai yana tsayawa cik, iska da ƙwallo da lissafi, har a dawo. Babu abin da zai ɓace. Ashe ba na'urar ce ta riƙe ni ba.

Sai maganar kuɗi. A ɗakunan wasan bidiyo da fadojin samari akan ce a aza dala ashirin ashirin, wanda ya ci ya kwashe, ko a ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa ko na shayi. Duk wanda ya shiga yana tsakanin samu da hasara saboda sakamakon wasa, ya shiga caca, ƙanƙantar kuɗin ba ta canza sunanta. Haka wasu wasannin da ake jona wa intanet suna sayar da ƙunshin da mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, mu kuwa tun da daɗewa fiƙihunmu ya hana cinikin garari. Uba ya kula kada a haɗa na'urar yaro da asusun kuɗinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta sanya jarabar wasan bidiyo a cikin kundin cututtuka, kundin ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta kafa su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwar, a kan ɗauki kamar wata 12 ana lura kafin a tabbatar. Mafi yawan masu wasa ba su kai nan ba, kada mu firgita iyaye. Amma yaron da ya daina cin abinci da ƴan'uwansa, haddarsa ta zube, yana hushi idan an kashe talabijin, yana buƙatar a zauna da shi, in ta kama a kai shi ga likita.

To, a fasa na'urar ne? Wasu iyaye hakan suke yi. A shekarar 1457 majalisar Sarki Jemis na Biyu na Sikotlan ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, domin sun ɗauke hankalin mutane daga koyon harbin baka da ake buƙata don tsaron ƙasa. Ku duba yadda suka auna wasa da harbi, kamar yadda malamanmu suka yi. Aka maimaita dokar a 1471, aka sake a 1491, abin da ke nuna ba a bi ta ba. A 1502 Sarki Jemis na Huɗu da kansa ya sayi sandunan golf. Yaron da aka fasa wa na'ura a gida zai tafi ɗakin wasa na bakin kasuwa, inda babu uba, babu mai cewa an kira salla, ga caca ga sigari. Gara wasan da ke tsakar gida, ƙarƙashin idon mahaifi.

Akwai ɗabi'a guda a cikin golf na gaske da nake so iyaye su ciro wa ɗiyansu. A mafi yawan lokaci babu alƙali a kusa, ɗan wasa shi ke faɗin laifinsa. A babbar gasar Amurka ta 1925, wani gwani mai suna Bobi Jons ya ga ƙwallonsa ya ɗan motsa yana shirin bugu, babu wanda ya tabbatar da haka sai shi, ya nace a ƙara masa bugu guda na tara. Aka ƙare gasar kunnen doki, ya sha kaye a wasan raba gardama. A dokar wasan kuma, wanda ya kaɗa sanda da nufin bugu ya kuskure ƙwallo, an lissafa masa bugu, wanda ya kaɗa don gwaji ba a lissafa masa, kuma shi kaɗai ya san abin da ya nufa. Ga ƙofar koyar da yaro niyya da jin tsoron Allah a ɓoye. Na'ura ba ta koyar da wannan, domin ita ke yin lissafi, kuma idan wasa ya ɓaci sai a goge a sake daga farko.

Da muka fito masallaci a daren nan, Alhaji ya rako ni yana ta ba ni haƙuri. Na ce: "Alhaji, laifin ba naka ba ne, ni na ce a ƙarasa." Sannan na gaya masa ya bar wa yara wasansu, amma bisa sharaɗi. Kada a kunna shi daga lokacin da rana ta yi ja har a sallaci Isha'i. Kada a fara zagayen ramuka 18 sai an duba agogo, tunda na'urar tana ba da zaɓin 9 ko 3. Kada a aza ko dala guda. Karatun allo da aikin makaranta su riga shi. Idan kuma kiran salla ya riske su a tsakiyar rami, babba a cikinsu shi zai fara danna maɓallin dakatarwa, ko da ƙwallonsa yana bakin rami, domin yara hannun uba suke kallo. Ya ce: "To Malam, Litinin mai zuwa fa?" Na ce in Allah ya so zan zo, amma da hantsi.

Allah ya gafarta mana abin da muka yi sakaci a cikinsa, ya shirya mana zuriyarmu.