Wa Ya Fi Cancanta Da Bargo?

Idan kaka ta wuce, an gama yankan dawa, an zuba amfanin gona a rumbu, sai iska ta juya ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Wannan ita ce iskar hunturu. Ta kan fara wajen ƙarshen watan Nuwamba, ta yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ba ta kwantawa sarai sai Maris. Yawancin ƙurar da ta ke kawowa daga wani kwari ta ke ɗebo ta, can arewacin ƙasar Cadi, sunansa Bodele, inda da can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ita ce ke rufe rana da hazo, ta tsaga leɓe, ta sa ƙafa faso. A Kano ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa digiri 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, alhali kuwa cikin Afrilu ya kan kai 40 da rana. Ɗakin soro ya kan riƙe ɗumi, amma na kwano da na kara, da zarar dare ya raba, sai su zama kamar randa.

To, a irin wannan dare ne wata 'yar tambaya ke tasowa a gidaje da yawa, ko da ya ke ba a cika yin ta da baki ba. Ga misali. Wani magidanci ne da matarsa da 'ya'ya uku, babban yana da shekara shida, ƙaramin yana goye. Bargo ɗaya ne a gidan, yana turakar maigida. Yaran nan biyu su kan kwanta bisa tabarma a ɗakin uwarsu, ta lulluɓe su da tsohon zanenta. Wata rana da safe, da ta kawo masa koko, sai ta durƙusa ta ce, "Malam, yarinyar nan jiya ba ta runtsa ba don tari. Ko za a taimake su da abin rufa?" Ya ce, "Ke dai kin cika lele. Mu da muka kwana a zaure, ba riga ba wando, me ya same mu? Sanyi ai shi ke ƙarfafa yaro." Ta ce, "To, Malam," ta kwashe kwano ta fita.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa mutumin nan mugu ne. Yana son 'ya'yansa, kuma maganarsa ba shi ya ƙaga ta ba, gadonta ya yi. Akwai ma gaskiya a cikinta. Yaron da aka hana shi taɓa ruwan sanyi, aka hana shi aike, aka hana ƙaya ta soke shi, wannan ba ya zama mutum, sai ya girma ya zama kaya a wuyan dangi. Manya sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Kuma hujja ta biyu, wadda maigida bai faɗa ba amma tana ransa: shi ne ke fita nema, in ya kwanta ciwo, gidan duka ya kwanta da yunwa. Wannan ma ba maganar banza ba ce.

Amma a dubi hujjar farko da kyau. Wanda ya ce, "Mun kwana a zaure ba abin da ya same mu," wanda ya rayu ne ke magana. Waɗanda abin ya sama ba su nan balle su yi gardama. In ana son cikakken labari, sai a tambayi tsohuwar da ta haife shi, nawa ta haifa, nawa suka tsaya. Sau da yawa za ta ƙirga da yatsu, ta yi shiru. Ba don nishaɗi ba ne Hausawa suka sami kalmar wabi, suka riƙa sa wa yara suna irin su Ajuji da Ayashe, wai ko mutuwa ta raina su ta bar su. Gaskiya ne kowa da kwanansa, amma wanda ya yarda da haka bai fasa ɗaure akuyarsa da dare ba.

Sa'an nan kuma jikin yaro ba jikin babba ba ne da aka rage. Likitoci sun bayyana cewa ƙaramin jiki ya fi saurin zubar da ɗuminsa, kamar yadda kunu a ludayi ya kan riga na cikin ƙwarya hucewa. Jariri kuwa kansa babba ne bisa ga jikinsa, ta nan ɗumi mai yawa ke fita, ga shi kuma bai iya rawar ɗari sosai ba balle ta ɗumama shi. Watau daren da ya dami maigida kaɗan, ya wahalad da ɗan shekara uku da yawa. Sanyi da kansa ba shi ne cuta ba, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Amma busasshiyar iska da ƙura su kan tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe musu ƙofa, cunkoso a ɗaki rufaffe kuma ya sauƙaƙe musu tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa mura da ciwon haƙarƙari da ƙyanda da sanƙarau su kan yi yawa cikin rani. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 10,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Daga 2010 aka fara yi wa jama'a sabuwar allurar rigakafinsa a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 aka fara a Nijeriya, irin wanda ya yi waccan ɓarna ya ragu ƙwarai. Ta ƙyanda kuwa ana yi wa yaro ita yana da wata 9. Wahalar kwanan zaure ba ta taɓa yin aikin da waɗannan allurai suka yi ba.

Saboda haka tambayar ta koma haka: yaya za a rarrabe horo da sakaci, tun da ya ke su biyun duka suna sa yaro kuka? Akwai ma'auni guda, ba shi da wuya. A duba wa ya ci riba. Uban da ya ta da ɗansa ɗan shekara goma da asuba don karatu ko don ya raka shi fadama ban ruwa, shi ma ya bar shimfiɗarsa, sanyin da ya bugi yaron ya buge shi, kuma ya san lokacin da zai ce ya isa. Wannan horo ne, yana da manufa, yana da iyaka, mai yin sa ya biya nasa rabo. Amma wahalar da aka ɗora wa yaro, wadda sakamakonta shi ne kuɗin bargo ya zauna a aljihun uba, ko ya tafi wurin mai tsire da mai shayi, wannan sunanta sakaci, ko da an yafa mata rigar hikima. Yarinya 'yar shekara uku ba ta koyon kome daga tari. Abin mamaki kuma, mai cewa sanyi na ƙarfafa jiki bai taɓa neman wannan ƙarfi wa kansa ba.

Hujja ta biyu, ta mai fita nema, ita ma in an auna ta sai ta yi sauƙi. Maigida yana da babbar riga, yana da rawani, yana da ƙarfin jikin da zai kai shi safiya. Malamai kuma sun daɗe da bayyana cewa ci da tufatarwa na ƙaramin yaro wajibi ne a kan ubansa gwargwadon hali, ba alfarma ba ce. Kunya ce kawai ta hana uwar yaran tuna masa. In gidan mai mata biyu ne, nauyin ya ƙaru, domin yaran ɗakin da aka manta su na gani, kuma ba su mantawa.

Sai dai ƙauna ma, in ba sani, ta kan yi ɓarna. Uwa ta ji tausayin 'ya'yanta, ta cika kasko da garwashin gawayi, ta shigar ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙofa. Gawayi mai ci yana fid da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, ta kan sa ciwon kai da barci mai nauyi, wani barcin ba a tashi. Ɗumama ɗaki da wuta ba laifi, amma a fid da kaskon waje kafin a kwanta, a bar wata kafa iska ta shiga. Haka nan mai rarrafe da murhu, da tukunyar ruwan wanka da aka sauke aka juya baya: ƙunar yara ta fi yawa a wannan lokaci. Jariri kuma a sa masa hula da safa, amma kada a rufe masa fuska. Goyo da nono sun fi masa kowane bargo. In aka ga yaro yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, wannan ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne a ranar.

Saura wanda ba shi da bargon ma sam. Shi ba a zarge shi da rowa ba. Amma ko shi yana da abin bayarwa. Ya iya liƙe ɓarakar bango da taɓo, ya ɗebo kara da itace don a ɗumama ruwan wanka, a bari sai rana ta ɗaga a yi wa yara, a shafe su da man kaɗanya. Ya iya rage hirar dandali ya dawo gida da wuri, ya zauna gefen wuta sa'ad da kaka ke cewa ga ta nan ga ta nanku, yara sun kewaye ta suna jiran Gizo da Ƙoƙi, ya ɗauki ƙaramin ya sa cikin rigarsa. Mai hali kuwa, wanda luru da gwado ke ninke a adakarsa, ya tuna akwai wani yaro a zaurensa, an kawo shi karatu daga nesa, uwarsa ba ta kusa balle ta durƙusa ta roƙa masa.

Shi dai magidancin nan, dare na uku tarin yarinyar ya kai har turaka, ya hana shi barci. Ya tashi, ya naɗe bargon, ya tsaya bakin ƙofar matarsa ya yi gyaran murya. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya miƙa mata, ya ce, "Gobe da safe ki shirya ta, mu je asibiti." Ya koma ya jawo babbar rigarsa daga ƙusa.