Amanar Wakafi da Layin Dogon Hijaz

Layin dogon Hijaz, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya fara shimfiɗawa daga Dimashƙa a 1900 har ya isa Madina a 1908, an gina shi ne da kuɗin baitulmali da gudummawar Musulmi daga ƙasashe masu nisa, kuma aka mai da shi wakafi, wato dukiyar da ake tsare asalinta domin amfaninta ya ci gaba da gudana ga jama'a. Bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Saudiyya da Jodan da Siriya sun haɗu a shekarun 1960 domin farfaɗo da ɓangaren kudu, sai yaƙin da ya ɓarke a yankin a 1967 ya katse aikin, kuma har yau jirgi bai koma Madina ta wannan hanya ba.

Wakafi irin wannan amana ce a hannun masu kula da shi. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to amma ba a gane sakaci sai an buɗe littafin kuɗi. Yaƙi uzuri ne na rashin kammala aiki, sai dai ba ya ɗauke wa hukumomin da suka ɗauki nauyin aikin wajibcin bayyana wa jama'a inda kowane dinari ya shiga.