Kunyar Jiki da Kunyar Ido

A kudancin Faransa, cikin tekun Bahar Rum, akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Levant. Mafi yawansa yana hannun sojoji, sai ɗan ɓangaren da wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna, Gaston da André Durville, suka kafa ƙauyen Héliopolis a 1931, bisa imaninsu cewa rana da iska magani ne ga jiki. Sai da jirgin ruwa ake zuwa wurin, kuma har yau mutane tsirara suke zama a bakin ruwansa.

Mu da aka rene mu a kan cewa rufe al'aura wajibi ne, da jin wannan sai mu ce Allah ya sawwaƙe. Muna nan a kan bakanmu. Amma akwai abin lura a irin waɗannan wurare: suna da ƙa'idoji. Ba a ƙura wa mutum ido, ba a ɗaukarsa hoto sai da izininsa. Wanda suka fi ƙyama shi ne baƙon da zai zo da kayansa a jiki, ya laɓe bayan duwatsu yana leƙe.

To, tsakanin wanda ya tuɓe da wanda ya tako musamman domin kallonsa, wane ne ya fi rashin kunya? Na farko ya yar da kunyar jiki, na biyu ya yar da ta ido, ya kuma ɗauki abin da ba a ba shi ba. A Suratun Nur, aya ta 30 ta umurci maza da runtse ido tun kafin aya ta 31 ta zo kan mayafin mata.

Tufafi ake gani, shi ya sa a kansa ake faɗa. A Agustan 2016 garuruwa irin su Cannes sun hana mata Musulmi shiga ruwa da rigar burkini, har sai da babbar kotu ta dakatar da irin wannan doka a Villeneuve-Loubet. Hukuma tana iya auna tsawon riga, amma ido mai shi kaɗai ke tsaronsa.

Raunin tsarin masu tsiraici ke nan: ya dogara ne kacokan a kan amanar kowane mai wucewa, alhali waya ɗaya ta isa ta tona asirin mutum har abada. Sutura kuwa tana kare mai ita ko da an gamu da marar amana.

Sai dai ita ma ba ta wanke mai kallo. A cikinmu akwai masu babbar riga da hijabi har ƙasa, waɗanda idan bidiyon tsiraicin wata yarinya ya ɓulla a WhatsApp, za su buɗe, su kalla, su tura gaba da "innalillahi". Da su da mai laɓewa bayan duwatsun Levant, aikinsu ɗaya. Duk ranar da irin wannan saƙo ya shigo wayarmu, a hannunmu ragowar suturar yarinyar take. Mu goge shi ba tare da mun buɗe ba.