Haɗuwa Dabam, Gauraya Dabam

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu kan ɗauka haɗuwa da gauraya abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Gero da tsakuwa su kan haɗu cikin mudu, amma in mace ta rege su, kowa ya kama gabansa. Gauraya kuwa, sai fura da nono: in an dama, ba mai raba su.

Ku dubi gulaben ƙasarmu. Gulbin Maraɗi ya ratso ƙasar Nijar, ya faɗa Rima wajen Sabon Birni, ya tarad da ruwan da ya gangaro daga Isa. Daga nan wa zai ɗebi ruwa a ƙwarya ya ce, wannan na Maraɗi ne?

To, mu fa? Ran Lahadi Bagobiri yana gefe guda, baƙon kudu yana nasa. In an tashi, ba mai taka ƙofar wani. Mun haɗu, ba mu gauraya ba. Ran tsanani za a rege mu.

Ku karanta Galatiyawa 3:28. Makon nan kowa shi ci tuwo a gidan wanda ba kabilarsa ba. Ubangiji shi maishe mu ɗaya. Amin.