Shukar Binne

Akwai manoman da ba sa jiran ruwan farko. A ƙarshen bazara, ƙasa ta bushe ƙamas, rana na dukan tsakar ka, za ka gan su da sungumi suna sara, yara na biye suna jefa gero suna rufewa da ƙafa. Binne ke nan. Irin kuwa ba rarar abinci ba ne. Zangarniyar da aka zaɓa tun kaka ce, aka rataye ta, aka hana kowa taɓawa ko da rumbu ya yi ƙasa, tuwon dare ya koma kunu. Wani lokaci yayyafi ya yaudari shukar, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Sai a sake.

A ganina, begen Kirista ya fi kama da wannan aiki fiye da zaman jiran tsammani. Mutane da yawa na ɗauka bege shi ne a ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, komai zai wuce. Sau da yawa abin ba ya wucewa a idon mai shi.

Annabi Irmiya yana tsare a harabar matsara, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallar gona a Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da ake gab da cinyewa? Ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, ya ba magatakardansa Baruk takardun ya adana a tukunyar ƙasa don su daɗe, saboda Allah ya yi alkawari za a sake cinikin gidaje da gonaki a wurin. Birnin ya faɗi duk da haka, shi kansa Irmiya an tafi da shi Masar. Alkawarin ya cika, amma bayan zamaninsa.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta soma sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ta san wannan a jikinta. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, ma'aikata suka yi gudun hijira zuwa Jos. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai ma, domin wutar ba ta zaɓi gida ba. Da hanya ta buɗe, mutanen suka koma, suka yi sujada cikin gine-ginen da ba rufi, suka nemi iri da taki. Ikilisiya ce da koyarwarta ta hana ramuwa, kuma ta riƙe wannan a lokacin da ramuwa ta fi sauƙi a zuciya. A Janairun 2020 aka kashe fastonta Lawan Andimi na Michika. Ba su janye ba.

Me ke riƙe mutum haka? Ba hasashen cewa gobe za ta yi kyau ba ne. Kirista ya gaskata cewa Yesu Almasihu, wanda aka yanke wa hukuncin zalunci aka gicciye, ya tashi daga matattu, kuma zai shari'anta duniya da adalci. In haka ne, mai bindiga ba shi ke da maganar ƙarshe ba, jinin da aka zubar a daji kuma yana cikin lissafi.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana amfani da bege don rufe bakin masu kuka. Zabura cike take da koke, har da tambayar Allah sai yaushe. Iyayen Leah Sharibu, wadda aka ɗauke a Dapchi a Fabrairun 2018 aka ƙi sakinta don ta ƙi barin bangaskiyarta, suna addu'a, suna kuma tambayar hukuma ina 'yarsu. Wanda ya zo musu jaje bai da hurumin ce musu su bar ɗaya su riƙe ɗaya. Nasa shi ne ya taya su duka biyun.